Mutumin da Ya Yi Ta Ƙara wa Lafiyayyar Taya Iska

'Yan'uwa ƙaunatattu, manya da yara, ku matso ku ji wani misali. Na daɗe ina riƙe da shi. Wanda ya fara ba ni shi, sunansa ya kuɓuce mini, kamar yadda sunaye da yawa suke kuɓuce mini a 'yan shekarun nan. Amma abin da ke cikinsa bai kuɓuce ba, na kuwa tabbata zai taɓa gidan kowane ɗayanmu.

Akwai wani mutum a wani birni na kan duwatsu, yana da mota. Ba sabuwa ba ce, wani ya riga ya hau ta a ƙasar waje kafin ta zo hannunsa, amma irin ta zamanin nan ce, mai wayo. A cikin kowace taya, a gindin bawul ɗin da ake hura iska, akwai wata 'yar na'ura da ba ta kai akwatin ashana girma ba. Masu gyara suna ce mata sansa. Aikinta ɗaya ne, ta auna iskar da ke cikin tayar, ta aika wa motar labari. Motar kuma sai ta nuna wa direba a wani ɗan allo da ke bayan sitiyari: ga hoton mota, ga lambobi huɗu, kowace a gefen tayarta. In iska ta ragu a ɗaya, sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama.

Mu a zamaninmu da keke muka yi yawon bishara. In taya ta sace, jikinka ne zai fara gaya maka, sai ka sauka ka roƙi ƙwarya da ruwa a gidan da ke kusa, ka tsoma robar ciki ka ga inda take kumfa. Ta haka na san gidaje da yawa, har wani gida da aka ba ni kunun gyaɗa ban tambaya ba. Amma ba labarin keke nake ba ku ba.

Mutumin nan yana da mahaifiya, tsohuwa, a wani ƙauye can ƙasan duwatsu. An kawo ta birni aka yi mata aikin yanar ido, ta yi wata uku a gidansa tana sanye da baƙin tabarau kamar yadda likita ya ce. Gani bai gama dawo mata ba, sai dai inuwar abubuwa. Da kaka ta yi, ta kira shi. Shi ne ɗanta na ƙarshe, don haka Auta take ce masa, ko da yake furfura ta fara fito masa.

Ta ce, "Auta, Lahadi mai zuwa ake godiyar girbi a masujadarmu. Shekara hamsin ban taɓa fashi ba. An yanke mini accata, tana can tana jirana. Da ƙafata zan kai kwandona gaban bagadi, ba aike ba."

Ya ce, "Mama, ran Asabar da safe zan kai ki da kaina."

To, akwai wani abu da ya faru tun da damina, wanda ya kamata ku sani. Al'adar direbobinmu ce, in tayoyin gaba suka fara cinyewa, sai a juya su, na gaba su koma baya, na baya su dawo gaba, don su tsufa tare. Mutumin nan ya sa an yi masa haka a wurin wani mai faci da ke gindin wata bishiyar mangwaro kusa da gidansa, sunansa Tanimu. Tanimu ya juya su a giciye, ta gaba ta hagu ta koma baya ta dama, ta baya ta dama ta dawo gaba ta hagu. Aiki ya yi kyau. Mutumin ya tafi, ya manta da zancen.

Ran Litinin, saura kwana biyar tafiya, fitilar nan ta kama. Ya duba allo, ya ga lambar tayar gaba ta hagu ta sauko ashirin da huɗu, alhali talatin da biyu ya kamata ta zama. Sai ya biya wurin Tanimu. Wurin kuwa matsattse ne, mutumin yakan faka motar hannun dama jikin kwata, ko akuya ba za ta bi ta nan ba.

Ya ce, "Ƙara wa ta gaban nan iska."

Tanimu ya buga tayar da sufana, ya kasa kunne, ya sa ma'auninsa. Ya ce, "Oga, wannan ai a ƙoshe take. Talatin da biyu cif."

"Wa ya tambayi kunnenka? Leƙo ka ga allo."

Tanimu ya leƙa ta taga, ya sosa ƙeya. "Ita ashirin da huɗu ta rubuta. Ma'aunina kuma bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"Wannan ma'aunin naka tun na kakanka ne. Motar nan turawa suka ƙera ta, ta fi ni da kai ilimi. Ƙara."

Tanimu ya ƙara kaɗan. Fitila ba ta mutu ba.

Ran Laraba lambar ta sauko ashirin. Ya dawo, ya ce a ƙara. Tanimu ya ƙara yana girgiza kai. Mutumin ya lura da wani abu a allon: lambar tayar baya ta dama tana ta hawa, ta wuce arba'in. Ya ji daɗi, ya ce a ransa, "Da ma duka haka suke da ƙarfi." Bai tsaya ya tambayi kansa ba, yaya tayar da ba wanda ya taɓa take ƙara iska da kanta.

Ran Juma'a ya sake dawowa. Wannan karon Tanimu ya ajiye tiyon iska a ƙasa.

Ya ce, "Oga, wallahi ba zan ƙara ko numfashi ɗaya ba. Tayar nan ta yi tauri kamar dutse. Ka janye motar daga bakin kwata in zagaya sauran ukun, minti biyu ne."

"Minti biyun ne ba ni da shi. Mota ta nuna maka inda ciwo yake, kai kana son ka zagaya garin duka. Shi ya sa za ka tsufa a gindin mangwaro da roba a hannu."

Tanimu ya sunkuyar da kai. Mutumin ya ja motarsa, ya sami wani mai facin a gaba wanda ba ya tambaya, wannan ya ƙara masa yadda yake so. Fitilar tana nan a kunne. Sai ya ce, "Fitilar ce ta lalace. In na dawo daga ƙauye zan sa a cire ta."

Ran Asabar da hantsi suka kama hanya. An cika bayan motar da kaya, buhun shinkafa, jarkar manja, gishiri, sabulu, da zannuwan da tsohuwa za ta raba wa ƙawayenta na zumuntar mata. Ita kuma ta zauna a kujerar baya, hannun dama, inda rana ba ta bugawa, sandarta a kan cinya. Hanyar kuwa na san ta, ko da yake sunan ƙauyukan da ke kanta ya cakuɗe mini. Ana tafiya a fili kamar awa ɗaya, sa'an nan a zo gangare. Gangaren nan doguwa ce, tana lanƙwasa kamar maciji, dutse a hagu, rami mai zurfi a dama. Manyan motoci da yawa sun kwana a ramin nan.

Ba su yi nisa ba, tsohuwa ta ce, "Auta, motarka ta karkace."

"Hanya ce, Mama."

Aka ɗan jima. "Auta, ba hanya ba ce. Gefena ya yi ƙasa. Ina jin ta tana lilo a ƙarƙashina kamar jakin da ya yi targaɗe."

Ya yi dariya, ya duba allo. "Mama, wadda kike zaune a kanta ita ce ta fi kowace ƙoshi. Ga shi nan a rubuce, hamsin da ɗaya. Ta gaban nan ce mai ba ni wahala. Ki kwantar da hankalinki, kin dai daɗe ba ki shiga mota ba."

Ta ce, "Ban iya karatun allonka ba. Amma shekara sittin ina ɗaukar kaya a ka daga gona, na san lokacin da kaya ya karkata."

Ya ƙara wa rediyo murya.

A bakin gangaren akwai wata 'yar kasuwa, inda direbobi suke tsayawa su duba birki kafin su sauka. Mutumin bai yi niyyar tsayawa ba. Amma tsohuwa ta ji hayaniya, ta ji ƙanshin gasasshiyar masara, ta gane inda suke.

Ta ce, "Tsaya. Zan zagaya."

"Mama, ki yi haƙuri mu sauka, minti ashirin ne."

"Auta, ko ka tsaya, ko ka wanke kujerarka. Zaɓi ɗaya."

Ya tsaya. Ta buɗe ƙofa, ta sauko a hankali, amma ba ta nufi bayan gida ba. Ta lalubi tayar da take zaune a kanta, ta buga ta da sanda, tayar ta amsa da wata murya kamar an bugi buhun dusa. Ta taɓa da hannu, ta janye da sauri. Sai ta ɗaga murya wajen da take jin ƙarar injin iska.

"Wa ke da wurin nan? Ɗan nan, zo ka duba mini ƙafar motar nan!"

Mai wurin ya fito yana goge hannu. Sunansa Barnaba. Wannan sunan ban manta ba, don na taɓa samun ɗalibi mai irinsa, shi ma mai sanyin hali. Barnaba mai faci ne kamar Tanimu, sai dai shi ya je ya koyi sha'anin motocin zamani.

Ya rusuna ya ce, "Sannu da hanya, Mama."

Mutumin ya fito ransa a ɓace. "Malam, kada ka biye mata. Ta gaba ta hagu ce, zo ka ga allo."

Barnaba ya ce, "Zan ga allo, Oga. Amma ni a wurina taya ake fara tambaya."

Ya durƙusa a gaba ta hagu, ya sa ma'auni. Ya ɗaga kai ya ce, "Wa ya yi wa wannan ɗura haka? Hamsin da uku. Ta yi laifin me?" Ya wuce ta gaba ta dama, lafiya. Ya wuce ta baya ta hagu, lafiya. Ya zo ta baya ta dama, inda tsohuwa take tsaye, ya auna, ya sake aunawa. Ya kira mutumin da hannu.

"Oga, zagayo nan. Yaushe rabonka da wannan gefen?"

Mutumin ya zagayo. Gaskiya ya daɗe bai tsaya a nan ba. Ƙofar direba a hagu take, ta nan yake shiga, ta nan yake fita, tayar baya ta dama ita ce mafi nisa da idonsa. Ya ga cikinta ya baje a ƙasa, ya ji warin roba mai zafi.

Barnaba ya ce, "Goma sha huɗu. Ga kaya, ga rana, ga gangare. Da kun sauka a haka, a lanƙwasa ta biyu ko ta uku, ko wannan ta zame daga wili, ko waccan da kuka cika ta fashe in ta faɗa rami. Ba zan faɗi sauran ba, Mama tana ji."

Tsohuwa ta ce, "Faɗi abinka, ɗan nan. Kunnena ba a yi masa aiki ba."

Mutumin ya sake duban tayar. Ya ce, "To motar ƙarya take yi mini kenan kwana biyar."

"An taɓa juya tayoyin nan?"

"Da damina."

"Da aka juya, an gaya wa motar?"

"A gaya wa mota? Kunne gare ta?"

Barnaba ya yi murmushi. Ya ɗaga motar da jak, ya kwance tayar, ya mirgina ta a hankali yana shafawa, har yatsansa ya tsaya a kan wata ƙusa da ta nutse, kanta kawai ake gani. Ya zare roba daga wili da lura, yana kauce wa gindin bawul da ƙarfensa, don a nan masu gaggawa suke karya sansa. Ya duba cikin tayar a hasken rana, ya ce, "Allah ya taimake ku, ba ta fara niƙa kanta ba. Za ta facu." Sa'an nan ya nuna wa mutumin 'yar na'urar nan da ke manne a jikin wilin.

Ya ce, "Ka ga wannan? Tun daga inda aka ƙera motar, an gaya mata cewa wannan ita ce ta gaba ta hagu. Da aka juya tayar, sansa ta bi tayarta zuwa baya. Motar ba ta da ido. Muryarta kawai ta sani, ba ta san ta yi ƙaura ba. Kullum wannan tana kuka daga baya, ina mutuwa, ina mutuwa, motar kuma tana gaya maka a inda ta san ta da zama. Da ta ce akwai mai ciwo, gaskiya ta faɗa. Da ka zagaya da ma'auni ran farko, da ka same ta."

"Wannan hamsin da nake gani a baya fa?"

"Ta gaban ce da kake ta ɗurawa. Kai kana wahalar da ita a gaba, allo yana yaba wa ta baya."

Tsohuwa ta ce, "Na gaya masa kaya ya karkata."

Barnaba ya cire ƙusar, ya yi faci, ya mayar da taya, ya hura ta daidai. Ya rage wa ta gaba iska, tana huci kamar wadda aka sauke wa kaya. Mutumin ya buɗe ƙofa zai shiga. Barnaba ya ce, "Saura babban aikin, Oga. In ka tafi haka, gobe wata ƙusa ta shiga, za ka sake zuwa ka hukunta marar laifi. Sai an koya wa motar inda kowace take yanzu."

Ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da injin ba, ya danna wasu maɓallai, motar ta yi oda sau biyu. Ya ce, "Yanzu ta kasa kunne. Irin wannan motar haka ake koya mata. Za a fara da ta gaba ta hagu, a saki iska a hankali har motar ta ji muryar da ke raguwa, ta yi oda sau ɗaya. Ta gane ta kenan. Sai ta gaba ta dama, sai ta baya ta dama, sai ta baya ta hagu, bi da bi, ba tsallake." Ya miƙa wa mutumin ɗan ƙarfen da ake danna bawul. "Kai za ka yi."

Mutumin ya dubi farar kaftaninsa, ya dubi ƙasa mai baƙin mai. "Ba aikinka ba ne?"

"Aikina ne yau. Ran da za ka sake juya su, ina nan bakin gangare, kai kana birni."

Sai mutumin ya tattare riga, ya durƙusa a gaban tayar da ya wahalar, ya danna bawul. Iska ta yi ta fita, ta yi ta fita, har ya fara tsammani ba abin da zai faru. Sai oda ta yi ƙara. Ya tashi ya koma ta biyu, ya durƙusa. Oda. Ta uku, inda mahaifiyarsa take tsaye dogare da sanda, ya durƙusa a gaban ƙafafunta. Oda. Ta huɗu, oda sau biyu.

Tsohuwa ta ce wa Barnaba, "Ɗan nan, Ubangiji ya sa maka albarka. Tun da na yaye shi ban taɓa ganin ya durƙusa sau huɗu a rana ɗaya ba."

Barnaba ya zagaya ya cika kowace talatin da biyu. Aka tayar da mota. Lambobi huɗu suka daidaita, fitilar ta mutu.

Suka sauka gangaren lafiya. A lanƙwasa ta biyu mutumin ya saci kallon ramin da ke dama, gefen da mahaifiyarsa take zaune tana cin masararta, bai ƙara kallo ba. Kashegari tsohuwa ta ɗauki kwandon accarta a ka, mata suna waƙa, ta kai shi gaban bagadi da ƙafarta, karo na hamsin da ɗaya.

Ran Litinin ya biya gindin mangwaro. Ya faka nesa da kwata, ya fito, ya ce, "Malam Tanimu, ma'auninka ne mai gaskiya. Na zage ka a kan gaskiyarka. Ka yafe mini." Ya ba shi labarin duka.

Tanimu ya ce, "Ba komai, Oga, ya wuce. Ni ma na ƙaru, ban san taya tana da suna a wurin mota ba." Ya ɗauki tsohon ma'auninsa. "Tun da yau ka ba ni hanya, bari in zagaya."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa.

Motar nan gidanka ce, da dukan waɗanda Ubangiji ya ɗora maka ka kai su lafiya. Fitilar nan kuwa lamiri ne, wannan rashin kwanciyar rai da Ruhu Mai Tsarki yake tayarwa a cikinka, yana cewa akwai abin da ba daidai ba a gidan nan. Ka ji shi, na sani, don ni ma na sha jin sa. Kana shiga gida kowa ya yi tsit. Addu'ar safe ta zama kamar karatun jarida. In fitilar nan ta kama, kada ka ce ta lalace, kada ka nemi mai cire ta. Ba ta kama a banza.

Amma ga inda muke tuntuɓe. Da zarar mun ji akwai laifi, mun riga mun san na wane ne. Muna da tsohon allo a kai, wanda aka rubuta tun shekaru da suka wuce: wance ce mai baki, wane ne mai taurin kai, dattijo wane ne mai hana ikkilisiya ci gaba. Mai yiwuwa a dā haka ne. Amma Allah yana juya mutane. Mai taurin kan ya tuba tun bara, ba ka lura ba. Kai da kake mai haƙurin gidan, ɗaci ya shige ka kamar ƙusa, kansa kawai ake gani, yana zuƙe ka a hankali. An yi ƙaura, allonka bai sani ba.

Sai ka yi ta ƙara wa marar laifi iska. Yau faɗa, jibi gargaɗi, gata wa'azi a kan tabarmar cin abinci. Matarka ta yi shiru, ɗiyarka ta daina dariya, sun yi tauri kamar tayar nan, kai kuwa kana cewa ba sa ji, a ƙara. Ku ji ni da kyau, wanda ake ta tsawata wa a kan laifin da ba nasa ba, wata rana zai fashe, kuma a gangare zai fashe, lokacin da kuka fi bukatarsa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne lambar nan hamsin. Salamar da ta rage a gidan, haƙurin wanda kake wahalarwa ne, kai kuma kana karanta ta a gefen sunanka, kana jin daɗi.

Ma'aunin nan Maganar Allah ce. Tsohuwa ce, ta girmi kakanninmu, masu wayon zamani sukan yi mata dariya kamar yadda aka yi wa na Tanimu. Ba ta taɓa auna ƙarya ba. Sai dai ba a auna taya ɗaya da ita a tafi. A zagaya duka. A janye daga bakin kwata, a je har gefen nan da ba ka bi, mafi nisa da ƙofar da kake shiga. Sau da yawa a nan za ka tarar da kanka.

Akwai wani abu kuma da nake so in faɗa a kan Barnaba, ya ɓace mini. Yawwa, ga shi. Bai tsaya a faci ba. Cire ƙusa tuba ce, tana da kyau, amma in ba a koya wa zuciya sabon gani ba, gobe za ta koma kan tsohon mai laifinta. Ku kuwa tuna yadda aka koya wa motar. Ba da ƙara iska ba, da sakinta. Ba a tsaye ba, a durƙushe, gaban kowace, bi da bi. Haka za ka yi a gidanka, fasto ba zai yi maka ba. Ka je wurin kowane ɗaya, ka sauke girman kai, ka tambaya, ka yi shiru ka saurara har ka ji ainihin muryarsa ta yau. Zai ɗauki lokaci, za ka yi tsammani ba abin da zai faru. Ka dage. Amsa za ta zo, na ga ta zo a gidaje da yawa. Rigarka za ta yi datti, ana wanke riga.

Na ƙarshe, tsohuwar nan. Ba ta gani sosai, ba ta iya karatu ba, a baya take zaune. Amma a kan ciwon take zaune, shi ya sa ta riga kowa sani. Ubangiji bai bar wani gida ba tare da irinta ba. A gidanka akwai wani a kujerar baya da ya daɗe yana cewa kaya ya karkata, kai kana ƙara wa rediyo murya. Ba sai na faɗa maka sunansa ba, ni da sunaye suke guje mini. Kai ka san shi, tun da na fara maganar nan fuskarsa take gabanka.

Akwai gangare a gaban kowane gida, ba wanda ya san ranar da zai isa bakinta. Yau kana fili, akwai wurin tsayawa. In an tashi daga sujada, kafin ka ci abinci, ka je ka same shi, ka rage murya, ka ce, "Me kake ta gaya mini? Sake faɗa, yanzu ina ji."

Ubangiji ya sauke mu duka lafiya, mu da waɗanda muka ɗauko. Amin.